KUKAR GOYO

Shafi na 14

Masu cika min waya da saƙo tun da sassafe, na gani. Ummu Saifullahi, ke da kika ce in ban saki shafin yau ba za ki hau mota har Birnin Kudu ki ƙwace wayar, zauna abinki, ga shi nan. Abu ɗaya nake roƙo: wadda ta san akwai kuka a bayan gidansu, ta fito tsakar gida ta karanta cikin mutane.

Sababbin shigowa kuma, ga inda muke. Malama Turai malamar firamare ce a Birnin Kudu. Ita da ƙawarta Malama Martina suka shirya wa 'yan ajinsu yawon buɗe ido na wuni ɗaya, gobe Asabar, zuwa sabon gandun dajin da aka buɗe can bayan Basirka, inda ake cewa akwai kukokin da ko maza goma ba sa iya zagaye guda da hannu. Cikin 'yan tafiyar har da 'yarta tilo, Ummussalma, wadda kowa a gida ke kira Salma. Yau Juma'a, ana tashi daga makaranta Turai ta bar Salma a gidan Martina, ta hau mota zuwa Gwaram wajen mahaifiyarta, Inna Hajjo, don ta karɓo dambun guzuri da manyan kuloli.

Mu je.

*

Inna Hajjo na zaune a inuwar rumfa tana gyaran zogale lokacin da Turai ta gama ɗaure bakin kuloli. Ƙamshin dambu ya cika gidan. Ni kaina da nake ba ku labarin sai da na haɗiyi yawu.

"Inna, wannan dambun ai ya fi ƙarfin yara. Malamai ne za su cinye shi tun a mota."

"Ku dai kuka sani. Ni ban ga abin kwasar 'ya'yan mutane a kai su daji ba. Itace ne ba su taɓa gani ba?"

"Ba irin wannan ba, Inna. Tsaya ki gani."

Turai ta zaro waya daga jaka, ta buɗe hotunan da Martina ta samo wajen ma'aikatan gandun. Ta matso ta durƙusa kusa da tabarma.

"Kin ga wannan? Ita ce babbarsu. Uwar Kukoki suke ce mata. A ƙarƙashinta za mu shimfiɗa tabarmi mu ci abinci."

Inna ta karkato kai, ta ƙanƙance ido.

Hannunta ya tsaya cak a cikin zogalen.

Kuka ce jibgegiya, gindinta ya rabu biyu daga ƙasa ya sake haɗewa a sama, tsakaninsu kogo baƙi ƙirin mai tsayin ƙofar ɗaki. A jikinta an kafa turaka irin na masu hawa ɗebo zuma, sai dai waɗannan ba su yi sama ba. A ƙasa suke jere, daidai ƙugun mutum.

Faifan ya zame daga cinyar Inna, zogale ya watse a ƙasa. Kaji suka rugo, ba ta ko kore su ba.

"Inna?"

"A ina aka ɗauki wannan?"

"Na faɗa miki, a gandun..."

"An ce min ta faɗi." Muryar Inna ta koma can ƙasa. "Shekarar da aka yi babbar iska aka ce min ta faɗi. Har sadaka na yi."

Turai ta yi 'yar dariya, irin wadda mutum ke yi idan bai san me zai yi da fuskarsa ba.

"Kin san ta ne?"

"Ba Uwar Kukoki ba ce sunanta. Kukar Goyo ce."

Ta miƙe da ƙyar, ta dafa ginshiƙin rumfa.

"Ba za ki je ba. Yarinyar nan ma ba za ta je ba."

"Haba Inna! Gobe fa. An kama mota, iyaye sun amince, yara sun kasa barci don murna. Salma ta wanke takalminta tun shekaranjiya."

"Na ce ba za ta je ba."

"To saboda me?"

Inna ta kau da kai.

"Inna, in aljanu ne, ai kowace kuka haka ake faɗa a kanta. Ta bayan makarantarmu ma an ce akwai mai jan ƙafa, ga shi kullum yara na wasa a wurin. Za mu yi addu'a mu tafi da rana tsaka, mu dawo da rana."

"Ke dai boko ya cika miki kai."

"Ba boko ba ne. Ke da kanki kike hana ni camfi. Ke kika fasa kaskon turaren da maƙwabciyata ta kawo min lokacin haƙorin Salma, kika ce shirka ce."

Wannan maganar ta soki Inna, na ga alama, don sai da ta runtse ido. Ta juya ta shige ɗaki.

Turai ta tsaya a tsakar gida, ranta a ɓace. Tana jin ƙarar jan adaka daga ƙarƙashin gado, da kukan murfinta mai tsatsa. Tun tana yarinya ta san adakar nan, ba ta taɓa ganin an buɗe ta ba.

"Shigo," in ji Inna.

Ɗakin da sanyi, ga duhu-duhu duk da hasken ranar da ke waje. Inna na zaune a bakin gado, a cinyarta wani ƙyalle ne na saƙi, baƙi mai ratsin ja. Gefe ɗaya an daje shi tsaf, ɗaya gefen kuwa yagagge ne, zare duk a waje.

"Mayar da hoton nan. Ki jawo shi kusa, yadda kuke yi da yatsu."

Turai ta buɗe hoton, ta ware yatsu a kan gilashin.

"Turakan nan. Duba na kusa da bakin kogon."

A kan turakan akwai tsummoki a ɗaure, yawancinsu sun koɗe sun zama launin ƙasa, wasu zare kawai ya rage. Ta ƙara jawowa.

Na bakin kogon bai koɗe ba.

Baƙi ne mai ratsin ja, kamar jiya aka sauke shi daga masaƙa.

Turai ta dubi waya, ta dubi cinyar Inna. Tsigar jikinta ta tashi yar.

"Wani ne dai ya ɗaura irinsa kwanan nan," ta faɗa, amma ko ita ba ta yarda da muryarta ba.

"Masaƙin da ya saƙa shi ya rasu kina rarrafe. Zanen goyonki ne. Rabinsa ga shi a hannuna."

"Inna, me kike son faɗa min?"

"Zauna."

Ta zauna a ƙasa, kamar yadda take yi tana ƙarama.

"Kin san ni 'yar Tudun Kuka ce, ƙauyen da aka tasa lokacin da gwamnati ta killace dajin. Kin san kuma ke kaɗai gare ni. Abin da ba ki sani ba, ba ke kaɗai na haifa ba."

Turai ta ɗago kai.

"Wabi na yi ta yi. In haihu lafiya, a yi suna, a ci a sha, kafin yaro ya fara zama sai zazzaɓin yini ɗaya ya ɗauke shi. Na binne, na binne, har mata suka daina kawo min barka da hannu cike. Suna zuwa ne kawai su leƙa fuskar jariri su koma."

"Ba ki taɓa faɗa min ba."

"Me zan ce miki? Da aka haife ki, kakarki Iya Tani, uwar babanki, ta ce wannan karon ba za ta zuba ido ba. A garinmu akwai abin da ake yi wa mai wabi. Tsofaffi sun ce abin da ke ɗaukar yaran nan, suna yake bi. Sai ya ji an raɗa, ya riƙe, ya biyo shi har ɗaki."

"Subhanallahi."

"Faɗi ki ƙara. Jahilci ne, na sani yanzu. Amma ranar ban sani ba, kuma ko na sani, wallahi ban san me zan yi ba. Ranar sunanki, liman ya raɗa miki suna a kunnen babanki, ba a bari maroƙi ya ɗaga murya ba. Hantsi na yi Iya Tani ta goya ki da zanen nan, ni ina biye da ita jiki duk ciwo. Muka je gindin kukar. Ta kwance ki ta miƙo min. Ta yaga zanen biyu. Ta sa bakinta cikin kogon nan ta faɗi sunanki."

Inna ta shafa ƙyallen da ke cinyarta.

"Ta ce, ga 'yarki nan mun kawo miki riƙo. Ta ɗaure rabin zanen a turke, kamar an goya mata. Muka juyo ba waiwaye. A hanya ta ce daga yau sunanki Turai, don kin zo fara sol."

"Wato Turai..."

"Ba shi liman ya raɗa ba. Mun bar mata sunan, mu muka taho da ke."

Jama'a, ku tsaya ku ji yadda abin yake. Mace ta girma, ta yi karatu, ta yi aure, ta haihu, sunan nan ne a bakin mijinta da bakin ɗalibanta, rana ɗaya a ce mata aro ne. Turai ta ji kamar an janye tabarmar da take zaune a kai. Tausayin Inna ya kama ta, haushi kuma ya taso ya danne tausayin.

"Shi ke nan? Don wannan ne za a hana yara tafiya? Inna, Allah ne ya raya ni, ba kuka ba."

"Allah ne. Na tuba tun kina goye, na yi kuka, na yi istigfari, har yau ina yi. Ban taɓa komawa wurin ba."

"To ai magana ta ƙare."

"Ba ta ƙare ba." Inna ta kalli ƙofa, kamar wani na iya tsayawa a wurin. "Ita kukar aka bari da zane babu ɗa. Matan da ke shiga ɗebo ganyen kuka sun sha faɗa, idan la'asar ta yi sakaliya, ana jin murya daga kogon. Muryar mace, a hankali, irin ta uwar da ke kiran ɗanta ya zo ya ci abinci. Sunaye take kira, ɗaya bayan ɗaya."

"Iska ce ke shiga kogon."

"Haka na ce ni ma. Sai da na ji da kunnena, daga nesa, ina ɗebo itace."

Inna ta ƙara rage murya.

"Sharaɗin ɗaya ne, kowa a Tudun Kuka ya san shi. Duk mai sunan da aka bari a wurin, kada ta kuskura ta amsa shi a inuwar kukar. Akwai wata 'yar maƙwabtanmu, ita ma an kai nata. Ta girma har an fara yi mata kitson 'yan mata. Uwarta ta yi sakaci ta faɗa mata sunan. Wata rana ta bi ƙawayenta ɗebo ganye. Su ba su ji komai ba. Sun dai ji ta ce na'am, ta ajiye ƙwaryarta."

"Sai me?"

"Ƙwaryar aka kawo wa uwarta."

A waje wani zakara ya yi cara, ba lokacinsa ba.

Turai ta yi ƙarfin hali ta gyara zama.

"To ni ai ban san sunan ba. Kada ma ki faɗa min. Ko an kira ba zan san da ni ake ba, balle in amsa. Kin ga an huta."

Inna ta dube ta. Hawaye ya gangaro ta cikin tsagar kumatunta.

"Shekara tara ina jiran ki tambaye ni abu ɗaya, ba ki tambaya ba."

"Me?"

"Kin taɓa jin na kira 'yarki da sunanta?"

Turai ta shiga tunani.

Ƙawata. 'Yar gidan Malam. Mai idon mage. Ke yarinya. Duk sunayen tsokanar da Inna ke kiran jikarta suka riƙa zuwa mata ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ɗauka wasan kaka da jika ne. Ita kanta Turai ta ɗauka kara ce irin ta mutanen da.

Sai ta tuna ranar sunan Salma. Yadda Inna ta saki ƙwaryar fura a tsakar gida da aka shigo da sanarwa. Yadda ta ja ta ɗaki tana cewa a canza, a canza tun rana ba ta yi ba. Yadda mijinta Abdulsalami ya ce a yi haƙuri, an riga an yanka rago, an yi addu'a. Aka ce tsufa ne ya fara taɓa Inna.

"A'a," in ji Turai. "A'a, Inna."

"Ummussalma." Inna ta faɗe shi da raɗa, kamar yana ƙona mata harshe. "Shi liman ya raɗa miki. Daga ni sai liman sai babanki sai Iya Tani muka sani, su ukun kuma suna ƙasa tun kafin ki yi aure. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ki gaya min gaskiya, wa ya ba ki sunan nan?"

Babu wanda ya ba ta.

Abdulsalami sunan mahaifiyarsa ya so ya sa. Turai ce ta kafe, har da kuka, ita da ba ta saba musu da shi ba. Kuma akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa ko shi ba. Lokacin da cikin ya tsufa, kullum ta idar da la'asar sai gyangyaɗi ya ɗauke ta a kan sallaya. A cikin gyangyaɗin nan take jin ana kira, can nesa, da wata murya mai sanyi. Ba ta taɓa jin tsoro ba. Daɗi ma take ji, har ta farka tana murmushi tana shafa cikinta. Ta ɗauka ishara ce.

"A barci nake jinsa," ta faɗa. "Ana kira."

Inna ta dafe kai da hannu biyu.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta gaji da jira ne, ta aiko."

"Me ya sa ba ki faɗa min ba? Inna, me ya sa? Shekara tara!"

"In tsaya gaban surukina da malaman unguwarku in ce na taɓa kai 'yata gindin kuka? Da wane bakin? Kuma an ce min ta faɗi. Da na ji kuna ce mata Salma, sai na ce to, rabin suna ba suna ba ne, na kwantar da raina."

Rabin suna.

Wani abu ya tsarga wa Turai daga ƙeya har tafin ƙafa.

A gida ne ake cewa Salma. A makaranta akwai Salma har uku a ajin, don haka Martina ba ta taɓa gajarta shi ba. Cikakke take kiransa, da ƙarfi, tana jan ƙarshensa, har yara na kwaikwayonta.

Turai ta miƙe zumbur.

"Ba za ta je ba. Ko ni ba zan je ba. Yanzu zan kira Martina in ce ta nemi wani malami ya raka su."

"Kira ta. Ki ce kuma kada ta bar yaran mutane su matsa kusa da kogon."

A masallacin unguwa aka tayar da sallar la'asar. Turai ta fito tsakar gida inda sabis ya fi ƙarfi, ta danna kira.

Bai shiga ba.

Ta sake. Bai shiga ba.

"Gidan Martina fa sabis ba ya yankewa," ta faɗa wa kanta.

A karo na gaba ya shiga, yana ƙara yana tsinkewa.

"Malama Turai!" Muryar Martina ta fito cike da fara'a, iska na kaɗawa a bayanta. "Ke nake ta nema tun ɗazu, wayar ta ƙi tafiya. Kin ɗauko mana dambun Mama?"

"Martina, saurara. Maganar tafiyar gobe..."

"Ai ita ce ta fito da mu! Malam Hambali direba ya zo bayan an sauko daga masallaci, ya ce an gaya masa ruwa ya cinye hanya wajen wani kwalbati, ba zai kwashi yara gobe ba sai ya gani da idonsa. Na ce to mu je tare, in ga wurin da za mu zauna. Hanya lafiya lau, kada ki damu."

Turai ta dafa bango.

"Kuna ina yanzu?"

"A ciki mana! Kai, Malama, hoto bai nuna komai ba. Sai kin ga abin nan da idonki. Ina tsaye a ƙarƙashinta, ko sama ba na gani."

"Salma fa? Wa kika bar wa Salma?"

"Wa zan bar wa? Ita da 'yata Lilian suka sa min kuka, na ce su shigo mota. Ga su can suna tsintar 'ya'yan kuka. Bari in kira miki ita ku gaisa."

"Kada ki kira ta!"

Ihun ya sa kaji suka watse. Inna ta fito daga ɗaki da ƙyallen a hannu, ɗankwalinta ya zame.

"Martina, don girman Allah kada ki kira sunanta. Kada ki buɗe baki. Ki taka da ƙafarki ki je ki kamo hannunta, ki toshe mata kunne, ki sa ta a mota. Yanzu. Zan yi miki bayani."

"Malama, lafiya? Kin tsorata ni fa."

"Ki je kawai!"

"To, to, ina tafiya. Ga ta can ma, ta..."

Maganar ta tsaya.

Iskar da ke kaɗawa cikin wayar ita ma ta ɗauke ɗif. Turai ta duba gilashin, kiran bai yanke ba. Ta mayar kunne.

"Martina? Martina!"

Da muryar ta dawo, babu sauran fara'a a cikinta.

"Malama Turai... ni ban kira ta ba. Hambali yana mota. Lilian tana gefena."

"Me ya faru?"

"Ta zubar da abin da ta tsinta. Ta juya wajen ramin nan."

"Ki kama ta!"

"Malama, wa take ce wa na'am?"